Kwana Takwas a Zanzibar, Inda Teku Ke Tafiya Ta Dawo

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe mota ta sauke mu a Jambiani, wani dogon ƙauyen masunta a kudu maso gabashin Unguja, babban tsibirin Zanzibar. Ko jaka ba mu kwance ba uwargida ta bi ta ƙofar baya, tana ɗokin ganin abin da ya kawo mu. Da na bi sawunta sai na tarar da ita tsaye a gindin bishiyar kwakwa, ta riƙe haɓa.

"Abban Ummi, ina tekun?"

Babu teku. Farin rairayi ne shimfiɗe iya ganin ido, da 'yan kududdufai nan da can suna ƙyalli a rana, ga kwale-kwale sun kishingiɗa a kan yashi. Can nesa, abin da ya fi kilomita guda, ana hango wani farin layi inda igiyar ruwa ke fashewa a kan duwatsun murjani. A hoton da na gani a intanet, wanda saboda shi na biya kuɗin kwana huɗu tun ina Kano, shuɗin ruwa ne yake lasar matakalar masaukin. Hoton bai yi ƙarya ba. Sa'ar da aka ɗauke shi ce ba a faɗa ba.

Mai masaukin, wani dattijo mai farar jallabiya da hula mai aiki, ya fito ya same mu. Da ganin fuskokinmu ya gane, domin ba mu ne baƙin farko da suka yi wannan tsayuwa ba. Cikin Turanci gauraye da Larabci ya ce mu ci abinci, mu yi Azahar, mu ɗan kwanta. Kafin La'asar za ta dawo. Sannan ya tambaye ni yau nawa ga wata. Na ce sha huɗu. Ya ce to shi ke nan, kun zo a kan ganiyarta.

Bayaninsa ya zauna mini a kai nan take, saboda lissafi ne da kowane Bahaushe ya taso da shi, wato lissafin wata. Sau biyu a yini da dare teku take cika, sau biyu take janyewa, tsakanin cika da janyewa kusan awa shida. Kowace rana lokacin yana jinkirtawa da kimanin minti hamsin. Idan wata ya tsaya, da kuma idan ya cika a daren sha huɗu da sha biyar, cikar takan kai maƙura, janyewar ma haka. Wannan suke kira bamvua da harshensu na Swahili. A tsakanin biyun kuma ruwan yakan yi sanyin jiki, ba ya zuwa sosai, ba ya tafiya sosai, su ce maji mafu, wato mataccen ruwa. Gaɓar gabas, daga Matemwe zuwa Paje har Jambiani, shimfiɗaɗɗiya ce ba zurfi, shi ya sa da ruwa ya ja baya kaɗan sai fili ya buɗe. A can ƙuryar arewa kuwa, Nungwi da Kendwa, ƙasa tana gangarawa da sauri, don haka ruwa na nan kusa da kai ko da yaushe. Daga can muka taso da safen nan, shi ya sa ban taɓa kawo wa raina cewa a tsibiri ɗaya teku za ta yi hali biyu ba.

Duk wanda zai zaɓi masauki a Zanzibar, wannan ce tambayar da ta kamata ya fara yi, kafin girman gado da kyan labule: a wace gaɓa gidan yake, kuma wace irin teku ce a ƙofarsa?

Bari in koma farko. Mun taso daga Kano ta Addis Ababa a watan Agusta, lokacin iskar kudu da suke kira kusi, ba zafi ba ruwan sama. Babbar damina a can, masika, daga Maris ce zuwa Mayu, kuma a lokacin ne kuɗin ɗakuna ke faɗuwa. Wanda arha ta ja shi ya san abin da ya saya. Ɗan Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ya nema tun daga gida ya jira a amince, don haka kada a biya kuɗin ɗakin da ba a mayarwa kafin biza ta fito. Ana neman katin rigakafin shawara, kuma tun watan Oktoba na 2024 gwamnatin tsibirin ta wajabta wa kowane baƙo inshorar dala 44. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu.

Kwana biyun farko a Tsohon Gari muka yi, wanda 'yan ƙasa ke kira Mji Mkongwe, Turawa kuma Stone Town. Mutane da yawa daga filin jirgi suke zarcewa bakin ruwa, su ba garin yini guda na kallo a gurguje. A ganina wannan asara ce. Garin ba ya buɗe kansa da rana tsaka, lokacin da 'yan rakiya ke jan baƙi garke-garke. Sai ka kwana a cikinsa. Masaukinmu tsohon gidan 'yan kasuwa ne mai hawa uku, matakala ta katako mai tsayi, gado mai dogayen ƙafafu da gidan sauro, fanka a sama. Mota ba ta iya shiga lungun, sai wani yaro ya tura mana kaya a baro. Duk wanda ya san lungunan cikin birnin Kano, ta wajen Kurmi, ba zai ji baƙunta ba: gida na jingine da gida, inuwa ba ta ƙarewa, dakali a kowace ƙofa, wanda su suke kira baraza, dattijai na zaune suna shan gahawa a 'yan ƙananan kofuna. Bambancin shi ne nasu ginin na dutsen murjani ne da farar ƙasa, ƙofofin kuma na katako ne da aka sassaƙa, wasu da ayoyi a samansu, wasu da manyan ƙusoshin tagulla irin na Indiyawa. Tun shekarar 2000 UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya.

A daren farko na shimfiɗa sallaya na fuskanci inda nake zaton gabas ne. Yaron da ya kawo mana ruwa ya tsaya a bakin ƙofa, ya yi gyaran murya cikin ladabi, ya nuna mini wani bangon daban. A Zanzibar alƙibla arewa take, domin tsibirin yana ƙasan Makka kusan a miƙe. Mu da muka saba cewa mutum ya dubi gabas idan ana nufin ya yi salla, wannan ƙaramin abu ya girgiza ni fiye da yadda na zata. A nan na san lalle na yi nisa da gida. Da asuba kiran salla ya taso daga masallatai da yawa a lokaci guda, na sauka na bi wani mai tafiya da carbi. Yawancinsu Shafi'iyya ne. Liman ya bayyana Bisimilla kafin Fatiha, ya yi ƙunuti a bayyane bayan ruku'u, jama'a sun ɗaga hannu suna amin. Bayan sallama na kusa da ni ya miƙo hannu, ya tambayi daga ina. Da na ce Najeriya, sai ya riƙe hannuna bai sake ba har muka fito, ya kai ni wurin mai shayi ya biya.

Ciniki ma bai yi mana wuya ba. A kasuwar Darajani uwargida ta tsaya sayen kayan ƙamshi, mai kaya ya ce ishirini, ta ɗago kai da sauri. Thelathini, arobaini, hamsini, sitini: ƙidayarmu ce da muka aro daga Larabci, su ma can suka aro. Asubuhi ita ce asuba, sabuni sabulu, habari labari. Kanumfarin da ba a yin kunun aya ko shayin kirki a gidanmu sai da shi, su karafuu suke ce masa, kuma shi ne ya gina arzikin garin. A ƙarni na 19 Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya ga amfanin tsibirin har ya baro Maskat ya mai da fadarsa nan, aka cika tsibiran Unguja da Pemba da gonakin kanumfari. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne agogo. Su daga fitowar rana suke fara ƙidaya, don haka ƙarfe bakwai na safe shi ne saa moja, ƙarfe ɗaya. Idan direba ya ba ka lokaci, tambaye shi na wane agogo yake nufi.

Su wa suka yi noman kanumfarin nan? Amsar tana unguwar Mkunazini, inda kasuwar bayi ta kasance har zuwa 1873, lokacin da Ingila ta matsa wa Sarki Barghash ya rufe ta. An gina cocin Angilika a wurin. Aka saukar da mu wasu ɗakuna biyu na ƙarƙashin ƙasa, rufinsu ƙasa-ƙasa, ba ka iya miƙewa sosai, tagar kuwa tsaga ce kawai a bango. A waje akwai rami da mutum-mutumi biyar a tsaye, sarƙa ta haɗa wuyansu. Uwargida ta fita ta zauna a kan dakali, ta daɗe ba ta ce uffan ba. Ni ma ban iya kallon wurin a matsayin laifin wasu can nesa ba, domin na san a kasuwannin ƙasarmu ma an taɓa sa wa ɗan Adam farashi. Ba wurin nishaɗi ba ne, amma ban yarda mutum ya ci daɗin tsibirin nan ya tafi bai taka wurin ba.

Sauran abubuwan garin mun bi su a tsaitsaye. Tsohuwar ganuwar da Omanawa suka gina bayan sun kori Turawan Fotugal, da ginin Beit al-Ajaib na 1883, wanda wani sashensa ya rufta a Disambar 2020, daga waje muka gan su. Da magariba muka je lambun Forodhani a bakin ruwa, inda ake kafa tebura ana gasa kifi da tsire, muka sha ruwan rake da citta da lemun tsami. A tambayi farashi kafin a miƙa hannu, kuma a zaɓi abin da aka gasa a gaban ido.

Daga nan muka yi arewa, kuma a nan ne kuɗinmu ya fi tafiya ba tare da mun ga amfaninsa ba. Babban otal ne irin wanda ake biyan komai a dunƙule, a ɗaura maka wani zare a hannu, ka ci ka sha ba lissafi. Abin da ban lura da shi ba tun a gida shi ne cewa kaso mai tsoka na wannan kuɗi na giya ne, mu kuwa ruwa da lemo muke sha. Kiɗa ba ya tsayawa sai dare ya raba. Ga katanga, ga masu gadi, kiran salla ba ya shigowa. A bakin ruwa kuma shigar baƙi ta sa uwargida ta kasa sakewa. Da hijabinta ta zauna a inuwa, ita ce ta zama abin kallo a tsibirin da kusan kowa Musulmi ne. Ba na cewa wurin ba shi da kyau. Ruwan garau yake, ana shiga safe da yamma, rana kuma a cikin teku take faɗuwa, abin da ba a samu a gabas. Mai yara da ke son iyo yini guda, arewa ce tasa. Amma an gina irin wannan otal ne domin wani baƙo daban, mai wata buƙata daban, kuma kana iya kwana bakwai a ciki ba ka yi magana da ɗan garin ba in ban da mai share ɗaki. Da na fita ta ƙofar baya na shiga ƙauyen Nungwi, sai ga mata da jarkoki suna layin ruwa, taku kaɗan daga inda ake ban ruwan furanni da tiyo. Abin ya tsaya mini a rai.

A wannan fitar ce kuma na ga abin da ya fi komai burge ni a arewa. A ƙarƙashin itatuwa a bakin gaɓa masassaƙa ke haɗa jiragen katako irin waɗanda suka yi ɗaruruwan shekaru suna bin iska zuwa Oman da Indiya. Babu takardar zane, babu injin. Wani tsoho na daidaita katako da gizago, yana dubawa da ido ɗaya, yaronsa na huda rami da wani abu mai kama da baka da kibiya, yana ja yana turawa. Tsagar da ta rage tsakanin katako da katako, auduga suke dannawa a ciki da kurfi. Na yi awa guda a tsugune, ba wanda ya nemi ko sisi a hannuna.

To, mu dawo Jambiani. Kamar yadda dattijo ya faɗa, wajen ƙarfe uku sai ga ruwa yana tahowa, ba da hayaniya ba, yana cike kududdufai ɗaya bayan ɗaya, kwale-kwalen da ke kwance suka fara motsi suna miƙewa. Kafin ƙarfe biyar ya iso matakala. A lokacin ne matan gari suka sauko da 'ya'yansu, suka shiga da zannuwansu da mayafansu. Uwargida ta dube su, ta dube ni, ta tuɓe takalmi. Wannan ne karonta na farko a cikin teku, kuma babu wanda ya ɗaga kai ya kalle ta.

Masaukin ɗaki shida ne kacal. Matar dattijon ce ke girki: shinkafa da madarar kwakwa, kifin da aka kamo da safe, shayi mai kanumfari da kirfa. Ba sai mun tambayi halaccin nama ba. Akwai buta a banɗaki, masallaci kuma taku ɗari ne. Wuta takan ɗauke, ruwan famfo yana da ɗan gishiri-gishiri, intanet sai a tsakar gida. Kuɗin kwana huɗunmu a nan bai kai na kwana biyun arewa ba, kuma na san hannun da ya shiga.

Washegari da ruwa ya janye, ba mu tsaya takaici ba, muka bi shi. A sa takalmin roba, saboda akwai wata halitta baƙa mai ƙaya kamar bushiya da ke ɓuya a cikin ciyawa. Ashe filin da na ɗauka fanko ne gona ce. Mata ne zaune a cikin ruwa iya ƙugu ko iya gwiwa, tsakanin layukan turaku, igiya daga turke zuwa turke, suna ɗaura 'yan rassan ciyawar teku da suke kira mwani. Tun wajen 1989 aka fara wannan noma a nan da Paje. Bayan kamar mako shida a girbe, a ɗauko a ka cikin buhu, a shanya a ƙofar gida har ta bushe ta canja launi, 'yan kasuwa su saya su fitar waje, inda ake tatsar wani sinadari mai kauri da ake sa wa man goge baki da askirim. Wata mata mai kimanin shekara hamsin ta nuna wa uwargida yadda ake ƙullin, ta kama yatsunta ta gyara mata. Hannunta duk ya faffashe saboda gishiri. Da alama da 'yan kalmomi ta gaya mana kuɗin da ake ba su bai taka kara ya karya ba, kuma idan ruwa ya yi zafi ciyawar takan rube. Gaba kaɗan wasu na tone tulin duwatsu, suna fito da ɓawon kwakwar da suka binne watanni a cikin yashi don ya yi laushi, su daka shi su tufka igiya. Duk wannan aiki na awannin da ruwa ba ya nan ne. Da ya juyo, kowa ta ɗauki buhunta.

Game da yawon buɗe ido kuwa, tun daga filin jirgi ake miƙo maka takarda mai jerin wurare goma sha wani abu, samari a bakin ruwa kuma ba sa gajiya da tayi. Na lura masu ƙoƙarin cinye jerin nan a mota da jirgi suke ƙare hutunsu. Mu kuwa wurare uku muka ɗauka. Gonar kayan ƙamshi, inda na fara ganin kanumfari ɗanye a bishiyarsa, jaja-jaja kafin a shanya shi ya yi baƙi. Dajin Jozani, inda jan birin da babu irinsa a ko'ina sai Zanzibar yake cin ganye a reshe dab da kanka, bai damu da kai ba. Sai Kizimkazi a ƙuryar kudu.

Yawancin masu zuwa Kizimkazi dabbar dolfin suke bi. Mun tsaya a gaɓa muka ga yadda ake yi: jirage masu inji bakwai ko takwas sun yi wa 'yan dabbobin ƙawanya, da sun ɓullo sai mutane su yi ta faɗawa ruwa a kansu. Na ce wa direba ba za mu shiga ba. Wannan farauta ce, ko da ba a zub da jini ba. Muka nemi a kai mu tsohon masallacin Dimbani. Ƙaramin gini ne, ba wani ado daga waje, an sake gina yawancinsa a ƙarni na 18. Amma a bangon alƙibla, gefen mihrabi, akwai rubutun Kufi da aka sassaƙa a dutse, ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107. Har yau ana salla a ciki. Mai kula da wurin ya buɗe mana, na yi nafila raka'a biyu ina fuskantar arewa, a inda aka yi fiye da shekara 900 ana sa goshi a ƙasa. Mu kaɗai ne a wurin. Ana jiyo ƙarar injinan masu bin dolfin daga nesa.

Ranar tafiya direba ya ce zai zo saa mbili, na tabbatar da shi cewa ƙarfe takwas yake nufi. Na dawo daga masallaci na zauna a matakala ina jiran gari ya waye. Rana ta fito daga cikin ruwa, masunta suka ɗaga ƙyallen jiragensu suka bi iska. Matar dattijon ta kawo wa uwargida ƙullin kanumfari da sabulun mwani guda biyu, suka rungumi juna, kowacce na magana da harshenta. Kwana huɗu sun tura lokacin cikar ruwa da fiye da awa uku, don haka da muka fito da jakunkuna teku na nan a cike, shuɗiya, tana taɓa matakalar ƙasa, daidai yadda take a hoton. Uwargida ta ajiye jakarta, ta tattare bakin zane, ta sauka ta tsoma ƙafafunta, direba na ta danna ham a waje.